Gadar da Aka Sa wa Sunan Tasalla

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiya, dabbobi gida biyu gare su. Da rani suna zaune a fadama, inda ciyawa ba ta bushewa. In damina ta kankama, fadama ta fara cika da ruwa, sai kowa ya tattara nasa ya nasa ya haye kogi ya koma tudu. Wurin hayewa ɗaya ne tak, wani mashigi da ruwansa ba ya wuce ƙirjin barewa, kuma a nan Kada ya kafa gida shi da iyalinsa tun kaka da kakanni. Ba ya faɗa da kowa, ba ya ɗaga murya. Yakan dai zaɓi nasa cikin masu wucewa, galibi ƙanana, ya koma ƙasa abinsa. Manyan daji, waɗanda ruwan bai kai musu gwiwa ba, suna kiran wannan abu halin kogi, su ce Allah ya kyauta.

Akwai wata barewa mai suna Tasalla. Damina biyu a jere tana shiga mashigin da ɗa a gefenta, tana fitowa ita kaɗai. A shekara ta uku, da ta ji ciki ya fara motsi, ta yi lissafi ta ga haihuwar za ta zo daidai da saukar ruwa, sai ta yi ta maza ta tafi majalisar daji, wurin da ƙananan dabbobi ba sa zuwa sai an kira su.

Shugaban majalisar shi ne Ɓauna, mai sarautar Magajin Rafi. Ya daɗe a kan sarautar, ya yi ƙiba a kanta, amma abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: duk faɗin dajin babu ko kututture da ake kira da sunansa. Tasalla ta durƙusa gabansa ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo da ƙarar kowa ba, don na san wanda zan kai ƙara ba ya amsa kira. 'Ya'yana biyu sun tafi a mashigi, ga na uku nan tafe. Ban san yadda ake yi ba, amma na ji tsuntsaye suna cewa a wasu wurare akan haye ruwa ba tare da an taka shi ba. In akwai dabara, a taimaka a yi ta kafin damina. Wannan ɗan dai nake so ya ga tudu."

Maganar ba ta da wurin kamawa a yi musu. Can sai Dabgi, wannan mai dogon baki da ke haƙa rami yana cin gara, ya yi gyaran murya. Ya ce shi zai haƙa hanya ta ƙarƙashin kogi, a shiga ta fadama a ɓullo a tudu, ba ruwa ba Kada, ba a sare ko reshe ɗaya ba. Ya sa farce ya zana hanyar a ƙasa. Da aka leƙa zanen, sai aka ga hanyar ta yi kwana nan, ta yi kwana can, ta bi ta gindin kowane suri da ke dajin kafin ta tuna da kogi. Aka tambaye shi dalilin kwane-kwanen, ya ce yanayin ƙasa ne.

Sai Biri Na-Birni ya diro daga reshe. Wannan Biri ya yi shekaru a hannun wani mai wasa da biri, yana yawon kasuwanni da igiya a ƙugu, ranar da ya samu ya tsinke ya dawo daji yana kiran zaman nan karatu a waje. Tun dawowarsa ba ya amsa sallama sai an ce Injiniya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'ar daji, duniya ta wuce zamanin rami. Rami ai ɓera ma yana yi. Ni na ga gada da idona, na hau ta, na sauka. Abin da ake yayi yanzu a duniya shi ne ɗorewa, wato aikin da jikokinka za su tarar yana tsaye. Kuma da kayan gida za mu yi, icen dajinmu, igiyar dajinmu, ba mu roƙi kowa komai ba. Sannan a duba wani abu, ranka ya daɗe. Gada a sama take. Na tudu zai gan ta, na fadama zai gan ta, shaho ma zai kai labarinta gaba. Rami kuwa, duk wanda aka sa wa sunansa, an binne sunan ke nan da ransa."

Kunnuwan Ɓauna suka miƙe. Dama akwai wata tsohuwar al'ada a dajin: duk sabon aiki, hanya ce ko rijiya, sai an sa masa sunan wani, kuma mai suna shi ke fara takawa. Babu wanda ya isa ya sa ƙafa kafin shi, ko da shekara nawa za a yi ana jira. Bayansa sai manya su biyo, babba kafin ƙarami. Na da can sun kafa al'adar ne don kar wani ya yarda a sa sunansa a aikin banza. Na yanzu sun manta da dalilin, sun riƙe guɗar da kirarin.

Ɓauna ya ce ya saurari kowa da zuciya ɗaya, kuma bayan dogon nazari ya ga gada ta fi dacewa da martabar daji. Game da suna kuwa, ya ce shi ba ya so, amma in jama'a sun matsa ba zai ba su kunya ba. Jama'a ba su riga sun buɗe baki ba ya ce ya amince.

Saura batun ice. Giwa, wadda ita da 'yan'uwanta za su yi jan gungume, ta ce ita dai a faɗa mata wanda za ta jawo, kar ta yi wahalar banza. Aka shiga tambaya: wa ya fi kowa sanin ice a dajin nan? Wa ya san cikinsa da bayansa, ɗanyensa da busasshensa? Amsa ɗaya kowa ya bayar, kuma wallahi gaskiya suka faɗa: Gara. Nan take aka naɗa Gara masu duba ingancin ice, aka ce babu gungumen da zai hau gada sai da yardarsu. Shugabansu, wani mai jan kai da ake kira Malam Ƙosau, ya hau kan ganye don a gan shi, ya ce sun karɓi wannan nauyi ne saboda kishin daji, kuma ba sa neman lada.

Dabgi ya kwashe da dariya har da faɗuwa. Ya ce, "Yau na ga inda aka ba kura ajiyar nama aka kuma yi mata godiya!"

Malam Ƙosau ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya cinye mana dangi ba zai zama shaida a kanmu ba. A tambaye shi abin da ya karya kumallo da shi yau."

Aka tambaye shi, ya yi saurin goge baki, don akwai sauran shaida a gefen bakinsa. Aka ce maganarsa hassada ce, ya fita yana ƙunƙuni. Tasalla ba ta fahimci rabin abin da aka yi ba, ita dai ta ji an ce za a yi gada kafin damina, ta koma gida tana sa wa majalisa albarka.

Ranar duba ice, giwaye suka jere gungume iri-iri a bakin kogi. Aka fara da kirya. Malam Ƙosau ya tura yaransa, ba a jima ba suka dawo suna riƙe da baki. Ya juya ga majalisa ya ce, "Wannan ice mai taurin kai ne. Yarana sun bar haƙoransu a jikinsa, ko ƙofa bai ba su ba. Icen da ba ya karɓar bincike, akwai abin da yake ɓoyewa. Ba mu yarda da shi ba." Aka mirgina kirya gefe.

Aka kawo maɗaci. Malam Ƙosau ya ɗanɗana da kansa, ya tofar, ya ce ɗacin nan alamar ciwo ce a ciki, kuma ba za a ɗora rayukan jama'a a kan mara lafiya ba. Aka kawo azarar giginya, ya ce wannan duk tsiya ce, zare-zare kawai, babu abin kamawa. Sai aka kawo rimi. Malam Ƙosau ya shiga shi da yaransa, aka yi ta jira. Rana ta take, inuwa ta juya, sai da aka yi ta ƙwala masa kira sannan ya leƙo, yana share baki, idonsa ya yi rau-rau.

Ya ce, "Jama'a, wannan shi ne ice. Ba ya gardama, ba ya ɓoye komai, duk inda ka nufa sai ya buɗe maka. Tun da nake aikin nan ban taɓa ganin mai haɗin kai irinsa ba. A yi gadar da shi tun daga ginshiƙi har shimfiɗa."

Haka kuwa aka yi. Aka zaɓi inda kogi ya tsuke ya yi zurfi, can ƙasa da mashigi bayan wata kwana, don Injiniya ya ce gada a kan ruwa mara zurfi raini ce ga fasaha. Giwaye suka ja, birai suka ɗaure, gada ta miƙe tun daga wannan gaɓa har waccan. Da aka gama, Malam Ƙosau ya zo da sabuwar shawara. Ya ce duba na rana ɗaya tsohon yayi ne, su a shirye suke su tare a cikin gadar da iyalansu, su riƙa sa ido a kan lafiyarta daga ciki, ba hutu. Biri ya yi tsalle ya ce ko a birni ba a kai ga wannan ci gaba ba. Gara suka tare. Don nuna godiya ma suka bi gadar kaf suka yaɓe ta da jar ƙasa, ta yi sumul, in rana ta haska ta sai ka rantse da tagulla aka yi ta.

Duk zaman majalisa Malam Ƙosau kan zo da bayani: ciki lafiya lau, ana samun ƙarin sarari, iska tana shiga ko'ina. Biri kuma ya ɗora da cewa ya lura gadar tana rage nauyi kullum, wanda shi ne burin kowane injiniya, don gada mara nauyi ba ta gajiyar da ginshiƙanta. Majalisa ta yi ta jinjina kai, kowa na tsoron ya yi tambaya a ce bai waye ba.

Ana cikin haka hadari ya fara haɗuwa a gabas, Tasalla ta haihu. Namiji ne, siririn ƙafa, ta sa masa suna Barmani. Kullum da safe takan zo da shi bakin kogi ta nuna masa gadar daga nesa, ta ce, "Ka ga hanyarka can. Kai ba za ka taɓa ruwa ba." Allah sarki, har addu'a take yi wa Malam Ƙosau.

Ana saura kwana kaɗan a buɗe gada, Ɓauna ya fita da la'asar shi kaɗai don ya gwada irin takun da zai yi ranar. Yana cikin taƙama a bakin gaɓa sai ya ji sallama daga ƙasa. Ya leƙa, ya ga Kada kwance a inuwar gada, ga matarsa, ga 'ya'yansa, ga surukai, kowa ya sami wuri ya gyara kwanciya.

Kada ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu da ƙoƙari. Mu da muke ƙasa mun fi kowa ganin albarkar aikin nan. Tun da aka gama shi gari ke zubo mana ba dare ba rana, kamar ana tankaɗe a sama."

Ɓauna ya ce, "Wane irin gari?"

"Na ice, ranka ya daɗe, mai laushi. Shi ya sa na ce wa iyali mu taso daga mashigi mu dawo nan, kar a yi abin arziki ba mu kusa. An ce kai ne za ka fara takawa? Madalla, haka ya dace, babba shi ke gaba. Roƙo ɗaya gare ni, in ban yi rashin kunya ba. Kwana biyun nan a ɗan rage cin shuwaka. Yaran nan ba sa son ɗaci."

Ɓauna ya ja da baya daga bakin gaɓa. Ya matsa jikin ginshiƙin farko, ya ɗan dangwala masa ƙaho, a hankali, yadda ake taɓa ƙwai. Ƙahon ya shige har gindi. Da ƙyar ya zaro shi, gari ya biyo baya yana zuba. Ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa sai Kada da ke murmushi. Sai ga Magajin Rafi guda, da girmansa da komai, yana kwaɓa taɓo da kofato yana toshe ramin da ya huda.

To, a nan fa da mai hankali ne, da sai ya tara jama'a ya ce an yi kuskure, a jawo kiryar nan da aka yasar a sake aiki. Amma wa ya naɗa Gara? Wa ya kori Dabgi? Wa ya amince da suna tun ba a roƙe shi ba? Ɓauna ya auna faɗuwa a ruwa da faɗuwa a idon jama'a, ya ga duk biyun ba ya so, sai ya nemi ta uku.

Washegari ya kira majalisa, ya sa aka kira har ƙananan dabbobi. Ya miƙe da murya mai rauni ya ce, "Jama'a, jiya na zauna na yi wa kaina hisabi. Na ce, kai Ɓauna, mene ne suna? Yau kana nan, gobe ba ka. Shugaba bawan jama'a ne, kuma bawa ba ya shiga gaban iyayen gidansa. Na ji kunyar kaina da na yarda a sa wa gadar nan sunana alhali ga waɗanda suka yi gumi. Saboda haka na sauke wannan girma, na miƙa shi ga wanda ya haifi aikin, Injiniya Na-Birni."

Biri ya san Ɓauna ko inuwarsa ba ya ba wani aro, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode, amma a inda na yi karatu injiniya ba ya hawa aikinsa. Nesa yake tsayawa don ya ga yadda aikin ke ɗaukar nauyi. Malam Ƙosau ya fi cancanta."

Malam Ƙosau ya ce su suna ciki, kuma ba a zama a cikin gada da samanta lokaci guda. Aka juya ga Giwa, ta ce ita ruwan kogin nan bai taɓa kai mata ciki ba, ba ta ga abin da zai kai ta sama ba. Girma ya yi ta yawo a majalisa kamar garwashi, kowa ya taɓa sai ya miƙa wa na kusa. Ƙananan dabbobi suna gefe suna mamakin irin tawali'un da ya sauko wa manya rana ɗaya.

Sai Ɓauna ya buga ƙafa ya ce, "Kai, mun yi abin kunya! Muna ta rabon girma a tsakaninmu, mun manta da mai shi. Wa ya fara kawo kukan nan? Wace uwa ce ta tsaya a nan da tsohon ciki ta tashe mu daga barci? Gadar nan ta talakawa ce, kuma sunan talaka za ta ɗauka. Daga yau sunanta Gadar Tasalla. Ita za ta fara takawa da ɗanta, mu manya mu biyo baya, ni a gaba."

Wuri ya kaure da guɗa. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Lissafin Ɓauna mai sauƙi ne: in gada ta karye da barewa, ƙaddara ce, a kafa kwamiti, in ta haye lafiya, shi kuma ciwon ƙafa zai kama shi nan take. Tasalla kuwa, baiwar Allah, ta fashe da kukan murna, tana cewa ita wace ce da za a yi mata haka. Wannan kuka nata shi ne abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin. Da labari ya kai ga Kada, bai damu ba. Ya ce wa iyalinsa gadar za ta iya ɗaukar barewa, amma ba za ta ɗauki mai biyo bayanta ba, kowa ya zauna inda yake.

Ranar buɗewa ta zo bayan an kwana biyu ana tafka ruwa. Fadama ta fara cika, ruwa ya kai idon sawu, komawa baya babu. Da hantsi duk daji ya hallara a bakin gada, kwaɗi na kiɗa, 'yan mata na guɗa. Aka buɗe wa Tasalla hanya, ta taho da Barmani yana tangaɗi a gefenta, ta tsaya daf da shimfiɗar farko. Ta ɗaga ƙafa ke nan sai idonta ya faɗa ƙasa.

Ta ga Kada da iyalinsa jere a ruwa, kawuna sama, baki a ɗan buɗe. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, don wanda ya ɗauke maka ɗa ba ka manta fuskarsa. Ga wanda ya ɗauki na fari, ga mai tabo a hanci da ya ɗauki na biyu, ga tsohon da kansa a tsakiya. Kada ba ya barin inda abinci yake sai ya ga inda ya fi, kuma ga shi ya kwaso kowa da kowa ya dawo ƙarƙashin hanyar da aka ce ta fi ƙarfinsa. Ta dubi Ɓauna, ya kawar da kai yana duban hadari. Nan ta gane irin girman da aka ba ta. Ga ruwa a baya, ga wannan a gaba, ga Barmani yana tura ta da hanci yana son ya hau hanyarsa.

Sai wata tambaya ta faɗo mata: in duk suna nan, wa aka bari a mashigi?

Ta sauke ƙafarta a ƙasa, ta juyo ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni talaka ce, ban saba da abin girma ba, amma na san ba a taka sabon abu da taɓo a ƙafa. A ba ni izini in je in wanke ƙafafuna da na yaron nan. Kafin in dawo, ina roƙo a ba jama'a tarihin aikin nan daga bakinka, tun daga farko, kar a tsallake komai, don na baya su san wanda ya yi ɗawainiya."

Ko da wuta ke cin gindin Ɓauna ba ya ƙin jawabi. Ya gyara tsayuwa ya fara tun daga ranar da aka naɗa kakansa. Tasalla ta ja ɗanta suka bi gaɓa suka yi sama, suka sha kwana, suka ɓace wa idon taro.

Mashigi ya cika fiye da yadda ta sani, ruwan ja wur, yana gudu. Ta tsaya ta duba, babu ido ko ɗaya a saman ruwa. Ta ce wa Barmani, "Ka manne da ni ta nan gefen, kar ka kalli ko'ina sai kunnena." Suka shiga. Ruwa ya kai masa wuya, ya fara kuka, ta sa ƙirji tana tura shi. A tsakiya wani abu mai kaushi ya gogi ƙafarta ta baya, ranta ya kusa fita, ta rufe ido tana jiran abin da ta sani. Ashe guntun ice ne ruwa ya ɗauko, ya wuce abinsa. Ta yunƙura, ta tura, ta sake turawa, sai ga kofaton Barmani a kan yashin tudu. Ta bi shi da lasa tun daga kai har wutsiya tana kuka, ta ƙirga ƙafafunsa ta ga suna nan cif.

Ɓauna ya kai ga shekarar da aka yi fari ke nan sai aka ji murya daga tsallake. Kowa ya waiga, ga Tasalla tsaye a ɗaya bakin gadar, a jiƙe sharkaf, ga ɗanta a gefe.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni! Garin wanke ƙafa na zarce, kuma ga shi na gurɗe a kan dutse. Amma girman da aka ba ni ina riƙe da shi hannu biyu. Gadar nan sunana gare ta, ni zan fara taka ta, ban yafe wa kowa ba. Sai dai a yi mini haƙuri har ƙafata ta warke."

Tun da aka naɗa Ɓauna bai taɓa yanke hukunci da sauri irin na ranar ba. Ya ce, "Al'ada al'ada ce! Ba mu muka kafa ta ba, ba mu za mu karya ta ba. Duk wanda ya sa ƙafa a gadar nan kafin mai suna, ya kuka da kansa. Allah ya ba ta lafiya a lokacin da ya fi alheri."

Ƙananan dabbobi suka dubi Tasalla a tsallake da ɗanta a raye, suka dubi ƙarƙashin gada. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya tuna ƙafarsa da taɓo. Kafin azahar duk daji ya haye ta mashigi, ba a rasa ko ɗan zomo ba, Magajin Rafi a tsakiyar ayari yana ba da umarni.

Babban ɗan Kada ya ce, "Baba, ga abinci can yana wucewa ta tsohon gida, mu koma mana." Kada ya ce, "Yaro dai yaro ne. Ƙafa ai warkewa take yi. Ranar da ta warke barewa za ta wuce, Ɓauna ya biyo, kuma a daidai nan zai sauko. In na matsa, kawunka zai gaje wurin. Mahaƙurci mawadaci." Suka ci gaba da kwanciya suna maneji da kifi, kowa na tsaron wurinsa kar ɗan'uwa ya ƙwace.

Shekaru sun shuɗe, Barmani ya yi ƙaho har ya aje nasa 'ya'yan, duk ta mashigi suke hayewa. Kowace damina majalisa kan aika manzo ya gaishe da Tasalla da ƙafa. Da ta hango shi sai ta fara ɗingishi, wani lokaci ta manta ta yi da ɗaya ƙafar, manzo kuma ya dubi sama, ya koma ya ce da sauƙi amma da saura. Majalisa ta sanar cewa tun da aka gina gadar kogi bai ci rai ko ɗaya ba, kuma babu mai iya ƙaryata ta. Baƙi na zuwa daga wasu dazuzzuka su tsaya daga nesa su ga gadar da ba ta taɓa neman gyara ba, Injiniya yana yi musu bayani a kan ɗorewa. Abin da ke damun Ɓauna kawai shi ne da ya sani da bai yi saurin kyautar da sunan ba.

A bana ma Malam Ƙosau ya zo gaban majalisa ya ce sun kammala aikin da aka ba su, babu sauran abin dubawa a ciki, majalisa kuwa ta miƙe tsaye ta yi masa tafi.